Caffar Turawan da ba ta gefe ɗaya ba ce

Jama'a, duk sa'ad da aka tayar da zancen caffa a Turai ta zamanin sarakunan gargajiya, hankalin mutane kan wanda ya durƙusa yake tafiya. Ni kuwa wanda ake durƙusa wa nake so mu duba, don a ganina kayan da ya ɗauka sun fi nauyi.

Ga yadda ake yi. Mutum zai zo ba hula, ba takobi, ya durƙusa, ya haɗa tafukansa ya sa cikin hannuwan ubangida, ya ce daga yau shi mutuminsa ne. Ubangidan ya rufe hannuwan da nasa, ya tashe shi, ya sumbace shi. Sai a kawo Linjila ya rantse ba zai ci amana ba, a danƙa masa ƙasar da zai riƙe. Shi zai fita yaƙi idan an kira shi, galibi kwana 40 a shekara. Ubangida kuma ya ɗauki alkawarin kare shi da yi masa adalci. A shekarar 1020 Fulbert, bishop ɗin Chartres a Faransa, ya rubuta wa mai mulkin yankin Aquitaine wasiƙa ya lissafa haƙƙoƙin da ke kan mabiyi, sannan ya ƙara da cewa duk waɗannan suna kan ubangida shi ma, in ya saɓa to maci amana ne.

Kuma ba magana ce ta fatar baki ba. A watan Mayu na 1215 manyan hakiman Ingila suka fito fili suka warware caffarsu ga Sarki John saboda zaluncinsa da yawan tatsar kuɗi. Kafin Yuni ya ƙare ya sa hatimi a kan Magna Carta, takardar yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarki, a filin Runnymede. Wallahi wannan ɓangaren ne nake jin takaicin yadda ba a faye koyar da shi ba.

Masu zane ma sun taimaka wajen ɓoye shi, don durƙuso ya fi sharaɗi daɗin zanawa. Amma akwai wanda ya burge ni: Jan Matejko na Poland. A 1882 ya kammala katafaren zanen caffar da Albrecht na Prussia ya yi wa Sarki Sigismund na Poland a dandalin birnin Krakow a 1525. Lokacin da yake zanen babu ƙasar Poland a taswira, Rasha da Prussia da Ostiriya sun raba ta. A cikin zanen ka ga tutoci, ka ga alkyabba, amma sai ya zaunar da wawan sarki, Stanczyk, a gindin dandamali ya yi tagumi. Matejko ya san abin da ya biyo baya, kuma bai yarda ya ruɗi mutanensa da ado ba.

Caffar nan ta tsaya ne muddin Poland na da ƙarfin riƙe nata ɓangaren. Da yaƙi da Sweden ya galabaitar da ita, a 1657 ta sakar wa gidan Hohenzollern, wato gidan su Albrecht, ƙasar Prussia, aka daina caffa. A 1772 gidan nan ɗaya na cikin waɗanda suka fara yanka ƙasarta.