Jarkar Kawu

Kawuna direban tirela ne, shekara da shekaru yana jigilar kaya tsakanin Kano da Legas. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga yaron motarsa ya yi sallama da jarka mai cin lita 20, saura kaɗan ta cika. Wai an yi wa tirela juye, baƙin mai ya yi saura, shi ne Kawu ya ce a kawo wa ɗansa. Na kira shi na yi godiya, na ce, "Kawu, ai ni ba ni da tirela." Ya ce, "Kai dai ka cika wauta. Man da ya kai tirela Legas ya dawo da ita, wannan ɗan babur ɗin naka ne zai gagare shi?"

A jikin jarkar an rubuta 15W-40, a ƙasa kuma CI-4. Ban san ma'anar ko ɗaya ba a lokacin, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, har baƙin mai, ga shi kuma yau na samu na banza.

Da babur na fara. Na kwance noti, tsohon mai ya zube baƙi ƙirin, na ɗura masa lita ɗaya na man Kawu. Kiki ɗaya ya tashi. Na hau na zaga unguwa, giya tana shiga sumul, kulochi yana kamawa, ƙarar inji ma ta yi laushi. Wallahi wannan nasarar ce ta cuce ni. Da a ranar babur ɗin ya yi gardama, da tuni na mayar wa Kawu jarkarsa na huta.

Daga baya ne bakanike ya gaya mini dalili. Babur mai ɗaya yake sha, inji da giya da kulochi duk a cikinsa suke wanka. Man ƙananan motoci na zamani ana sa masa sinadarin ƙara santsi don a rage shan fetur, shi kuwa kulochin babur in santsi ya yi yawa sulɓewa yake, kana murɗa totur inji yana ihu babur yana tafiyar hawainiya. Yawancin man injin gas, irin na tirela, ba shi da wannan santsin. Shi ya sa a Amurka ma masu manyan babura da yawa Shell Rotella suke zubawa, wanda don manyan motoci aka yi shi, har da tambarin JASO MA a jikinsa, alamar cewa kulochin babur zai zauna lafiya da shi. Wato ni dai dace na yi, irin na makaho da ya taka kuɗi.

Amma a lokacin wa ya isa ya ce mini dace ne? Na koma malamin baƙin mai a majalisarmu. Duk wanda ya kawo kukan inji sai in gyara zama in ce, "Man wasan yara kuke zubawa." Maƙwabciyarmu mai injin markaɗe na tsiyaya mata a kwalba, injinta ya karɓa, ta aiko mini da ƙosai. Na shafa wa sarƙar keken yara, na ɗiga wa ƙyauren ƙofar gida da ya daɗe yana kuka. Tsohuwar Corolla ɗina ma na ba ta lita huɗu, alhali a kan murfin wurin zuba man an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro. Na gani sarai. Na ce a raina ai 40 ya fi 30.

Uwargida ta fara zargin abin ne ranar da na iso kan keken ɗinkinta. Ta fita unguwa ta bar shi, ni kuma na ji yana ɗan ƙara ranar nan, na ce bari in taimaka. Man keke fari ne sirit kamar ruwa, nawa kuwa kamar zuma. Washegari ta ɗora farin leshin wata amarya, ta taka, sai ga layi ruwan ƙasa yana bin allura tiryan-tiryan tun daga wuya har ƙasa. Ta ɗago ta dube ni. "Baban yara, ka taɓa keken nan?" Na ce, "Taɓawa kamar yaya?" Ta kai leshin hancinta ta shinshina, ta ce, "Warin tashar mota yake." Kuɗin leshin nan ya sayi galan biyu na man da na yi ta taƙamar ban saya ba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai da na kai ga janareta.

Ɗan ƙaramin nan ne da ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa su ƙone tare. Mai nasa na musamman ne, 2T ake rubutawa a jikin robar, kuma ɗan kaɗan ake sawa, kashi ɗaya cikin 50, wato kamar cokali biyar a tankin lita huɗu. Wani dare cikin watan Afrilu, zafi kamar a gasa mutum, aka ɗauke wuta, robar 2T kuma ta ƙare. Na dubi jarkar Kawu, ita ma kamar tana dubana. Na cika gwangwanin madara na juye a tanki, na ga kamar na yi rowa, na ƙara wani.

A ja na bakwai ya tashi. Da farko hayaƙin shuɗi ne siriri, na ce yana wanke ciki ne. Kafin in shiga ɗaki in kunna fanka tsakar gida ta ɓace. Hayaƙi ya haura katanga ya cika lungu. Sai na ji wata murya a waje, "Gobara! Gobara a gidan Malam!" Ƙyauren nan da na shafa wa mai, da a da sai an sa kafaɗa, ranar ko ƙara bai yi ba ya buɗe wa jama'a. Samari suka danno da bokitai. Ina tsaye daga ni sai gajeren wando ina cewa, "Ba wuta ba ce, gwaji ne," wani yaro mai zafin nama ya sheƙa mini bokiti guda tun daga ka. Na biyun janareta ya samu, ya yi tari sau biyu ya mutu. Liman ma sai da ya leƙo, yana tari yana salati. Gaskiya ɗaya zan faɗa, kwana uku ba mu ji kukan sauro ba.

Da safe na saɓa shi a bayan babur na kai wa bakanike. Ya kwance fulogi ya ɗaga sama, baƙi wuluk, mai yana ɗiga. "Yallaɓai, me ka ba shi?" Na ce man tirela. Ya kira yaransa duka su zo su gani. Ya ce man injin gas cike yake da sinadaran wanke dattin hayaƙin gas, aikinsa ya zaga cikin inji ya dawo, ba a yi shi don a ƙona ba. In an ƙona shi toka yake bari, ta toshe fulogi, ta daskare a kan fistin, ta cushe salansa. Harafin C ɗin nan na jikin jarka na injin gas ne, na fetur da S yake farawa, kamar SN.

Na yi ƙasa da murya na ce, "To mota fa?" Ya ajiye sifana. "Har da mota?" Ya ce ba zai kashe ta yau ba, tsohon inji yana jurewa, amma 15W-40 ya fi 5W-30 kauri, ba ya saurin hawa saman inji da sanyin safiya, kuma za ta ƙara shan fetur. Sinadarin da ke cikinsa ma a hankali yana lalata tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Ya sunkuya ya leƙa ƙasan wata mota ya nuna mini wurin. Na ce ai tawa ɓarayi sun yanke ta tun bara. Ya ce, "To ka ga nan ka tsira."

Na biya kuɗin fulogi da wankin kafireta da ƙona salansa, na dawo gida na tarar uwargida ta kulle jarkar a ɗakin ajiya ta rataya makullin a wuyanta. Ina zama waya ta yi ƙara, Kawu ne daga hanyar Lokoja.

"Yaya man nan?"

"Madalla, Kawu. Duk unguwa an san da shi."

"Ai na gaya maka. Ka saurari yaro ranar Juma'a, an yi wa giyabos juye, akwai saura."