Kafin ka mayar da bangon falonka gilashi, ɗan uwa ka saurare ni

'Yan uwana matasa da Allah ya hore wa fili kuka fara ɗora bulo, don Allah ku yi hattara da wannan yayin na bangon gilashi. Yanzu mutum zai ga gidan Dubai ko na Turai a Instagram, bango guda gilashi ne tun daga ƙasa har silin, sai ya kai wa injiniya hoton ya ce shi dai irin wannan yake so. Malam tsaya tukuna, su can sun sa gilashin ne don akwai abin kallo a gabansu, teku ko dutse ko daji, kai kuma filotinka a tsakiyar unguwa yake, taku biyar daga taga sai katanga da waya mai ƙaya, to me za ka kalla?

Ko a can ɗin ma an sha wuya. Gidan Farnsworth, wani gida mai bangon gilashi da mai zanen gine-gine Mies van der Rohe ya zana a bakin kogin Fox a jihar Illinois ta Amurka, aka gama shi a 1951, har yau ɗaliban zanen gine-gine suna karanta shi, amma likitar da aka gina wa ta yi ta kukan zafi da rashin sirri, har sai da ita da mai zanen suka yi shari'a a kan kuɗin ginin. A ƙasar da ake dusar ƙanƙara ke nan fa.

Balle mu da zafin bazara a Kano da Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40. Gilashi yana barin rana ta shigo ta gasa tayil da kujeru, zafin kuma ba ya samun hanyar fita, kamar motar da aka kulle aka bari a rana. In bangon yamma yake kallo wallahi daga azahar zuwa magariba falon ba ya zaunuwa sai da esi, ga wuta ta yi tsada tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, kuɗi zuwa naira 225 kowane yunit a lokacin, ga tsadar mai in janareta za ka tayar. Ƙarshenta ka sayi labule mai kauri ka rufe abin da ka zuba wa miliyoyi.

Abin da ya fi damuna shi ne suturar iyali. Mai alminiyam zai ce maka ai wannan mai duhu ne, na waje ba ya ganin na ciki. Da rana ne kawai hakan. Dare na yi aka kunna ƙwai abin yake juyewa, kai ba ka ganin komai a waje sai inuwarka, na waje kuma yana kallon matarka da 'ya'yanka tar, mai gadi ne ko maƙwabci daga benensa. Iyayenmu da suka yi zaure da tsakar gida sun san abin da suke karewa.

Ƙurar hunturu kuwa ba a magana, kullum goge-goge, layin da ƙofar ke zamewa a kai ya cika da ƙasa ta riƙa cijewa.

Ni ban ce haramun ba ne. In gidanka yana kallon duwatsun Jos ko tsaunukan Mambila, sa abinka ka more ni'imar Allah. Amma ka fuskantar da shi arewa ko kudu, ka fito da baranda mai faɗi ta yi masa inuwa, ka shuka bishiya ta yamma, kuma ka bar tagogin da ake buɗewa iska ta ratsa. Kar ka yarda a sa maka gilashin taga na gama-gari don araha, yaro ya taho a guje ya buge shi tsagewa yake yi dogo-dogo yana yanka. Ka nemi wanda aka gasa, mai marmashewa in ya fashe, ko mai falle biyu da roba a tsakani irin na gaban mota, ka manna wata alama daidai tsayin idon yara. Kuma tun kafin a haƙa tushe ka je filin da la'asar ka tsaya daidai inda falon zai zauna, ka ga ta ina rana take dukanka da kuma wa yake hango ka.