Madabod kaɗai na je saye

Kwamfutar teburina mai tsohuwar firosesa Core 2 Duo ce, firosesa kuwa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan na kunna ta, sai in yi alwala, in yi sallah, in dawo in tarar tana ta gurnani ba ta gama farkawa ba. Da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ga kuma Windows 11 na neman wani abu wai shi TPM 2.0 da tsohuwata ba ta taɓa jin labarinsa ba, sai wani abokin aiki ya ce, "Malam, madabod kawai za ka canza, shi ke nan." Madabod shi ne babban faifan da ake dasa sauran kayan cikin kwamfuta a kansa.

Na shiga kasuwa a Kano ina taƙama. Na zaɓi wanda ya fi kowanne faɗi da yawan ramuka, B450, don a ganina abin da ya fi girma ya fi ƙarfi. Yaron shagon ya ce, "Kawu, wace firosesa gare ka a gida?" Na ce, "Mai kyau. Kai dai sa min a leda."

Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma, na ɗauko sukurudireba, yara suka zagaye ni. Na ciro tsohuwar firosesa na juya cikinta: sumul take, ba ƙafa ko ɗaya, don a gidan Intel na LGA 775 allurai a jikin madabod suke. Na duba sabon gidan, na AMD ne, AM4, ramuka zalla yana jiran firosesa ta zo da nata alluran. Ita ba ta da su, shi ba shi da su, kowa na jiran ɗan'uwansa ya miƙo hannu. Na koma kan RAM, 'yar sandar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Tawa DDR2 ce, ramin na DDR4, 'yar tsagar da ke tsakiya ba ta zo daidai ba. Na juya, na danna har babban yatsana ya yi fari. Autana ya ce, "Baba, in kawo taɓarya?"

Haka na zama ɗan gida a shagon nan. Na sayi firosesa Ryzen 5 3600, na sayi RAM ta DDR4. Sai akwatin kwamfutar ya ce bai san zancen ba: madabod ɗin ATX ne, tsawonsa ya haura santimita 30, akwatina kuwa na ƙananan bodi ne. Sabon akwati. Na'urar wutar ba ta da filogi mai baki 8 na firosesa. Sabuwa. Yaro ya daina tambayata, da ya hango ni sai ya jawo min benci ya aika a sayo min ruwan sanyi.

Da aka gama haɗawa na tara iyali, na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Uwargida ta ce, "Ko NEPA ce?" alhali ga ƙwai yana ci a kanmu. Ashe Ryzen ɗin gidan AM4 da ba harafin G a ƙarshen sunansa, irin nawa, ba ya fitar da hoto sai da katin hoto daban. Katin ya zo, bakinsa HDMI, monitana kuma mai shuɗin filogin VGA ne.

Ranar da na je karɓar monita, uwargida ta riga ta ƙwace lissafin cefane. Tarkacen tsohuwar kwamfutar kuwa tuni na bar wa yaron shagon kyauta. Ina shiga na ga wata kwamfuta a kan kanta tana aiki tsaf, da sitikar makarantar 'yata a gefe.

"Kawu," ya ce, "in kana son ta yara, ga wata mai Core 2 Duo. Zan yi maka sauƙi."