Injiniyan Fiya Wata a Dajin Kebek

Da tsohon da nake wa aiki a bukkarsa ta dafa zumar mapul ya tambaye ni ko na taɓa ganin injin tace ruwa irin nasa, sai na ce masa ai a Kano da shi muka tashi. Ban yi ƙarya ba. Na yi aiki a wani kamfanin fiya wata a Sharaɗa, kuma irin injin nan ne da ake ce wa RO, mai raba ruwa zalla da abin da ya narke a cikinsa. Abin da bai tambaya ba, ni kuma ban ga dalilin yi masa katsalandan ba, shi ne aikina a can lodin ledoji ne a mota. Injin ta taga muke gaisawa.

A yankin Bos ne na lardin Kebek a Kanada, cikin watan Maris na 2024, ga azumi ya kama. Lardin nan shi ke fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari na zumar mapul ta duniya, wato wadda ake dafawa daga ruwan bishiyar mapul, kuma duk hidimar ta 'yan makonni ce: dare ya daskarar da daji, rana ta sake shi, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa daga hujin da aka yi wa bishiya, ya bi siraran tiyo har bukkar dahuwa. Sukarin da ke cikinsa bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, sai an ƙone wajen lita 40 kafin a sami lita ɗaya ta zuma mai kashi 66. Don a rage asarar itace ne aka kawo injin. Famfo ya danna ruwan da ƙarfi ta cikin matata, ruwa zalla ya wuce, sukari ya tsaya. Na tsohon yana kai zaƙin kashi 8, wato kashi uku cikin huɗu na ruwan ya kama gabansa tun ba a hura wuta ba.

Matsalar matata ita ce ba ta kwana da datti. In aka bar sukari a cikinta, ƙwayoyin cuta su yi walima, gari ya waye ta toshe da yauƙi.

Ranar da abin ya faru, kurege ya tattauna tiyo a can cikin daji, iska tana shiga layi. Tsohon ya ɗauki jakar kayan gyara, ya zubo min bayani da Faransancin Kebek mai gudu, yana nuna wannan yana nuna wancan. Na kama kalma biyu, ɗauraya da tanki. Na gyaɗa kai irin na manyan ma'aikata.

Tankuna biyu ne. Ɗaya ƙaton roba ne a bayan ƙofa, ƙura a murfinsa. Ɗayan na ƙarfe ne mai sheƙi, an ɗora shi a sama kusa da tukunyar dahuwa, an rufe shi da kyau. Ruwan cikinsu duka biyun fari tas, ido ba ya raba su. A Sharaɗa kuwa ko yaron mota ya san ruwa mai tsafta shi ake sa wa a tankin alfarma, ragowar da injin ya ƙi a sake ta kwata. Wa zai ce min a ƙasar nan ragowar ce dukiya, ruwa mai tsaftar kuma shi ne na wanke-wanke? Ɗan madubin auna sukari yana aljihun tsohon. Ɗanɗano ɗaya zai raba gardama, to amma bakina da azumi.

Na jona tiyo a tankin ƙarfe, na kunna famfo, na saki ƙarshen a magudana. Da na ga ruwa na gudu a banza, raina na Bakano ya ƙi, na tari bokiti na goge daɓen bukkar kaf, har ƙarƙashin benci. Na sake tarar buta guda don La'asar ta yi.

Na zauna, na yi bisimilla, na wanke hannu, na kai ruwa baki.

Zaƙi.

Na furzar, na ce wannan sharrin yunwa ne, mai azumi ko iska ya shaƙa sai ya ji ƙamshin ƙosai. Na sake kurkurewa. Wannan karon har dasashina ya shaida. Na dubi butar, na dubi tiyon da ke ta kwarara a magudana, na tuna kowace lita da ke tafiya lita huɗu ce ta ruwan bishiya. Na zabura ba takalmi. Daɓen da na goge ya fara shan ɗumin tukunya, wani wurin ya kama tafin ƙafa, wani wurin ya sake. A inda ya sake na zauna daɓas, na ƙarasa wurin makunnin da rarrafe.

A haka tsohon ya same ni, wando jiƙe, gemu yana ɗanko. Bai ce uffan ba. Ya sa yatsa a bakin tiyo ya lasa, ya hau tsani ya leƙa tankin ƙarfe, ya daɗe a can sama. Mutanen Kebek in ransu ya ɓaci da sunayen kayan coci suke ashar, kuma daga kan tsanin nan sai da ya lissafa kayan cocin garinsu bai bar ko kofi ba. Da ya sauko ya ce, “A Kano wanne kuke zubarwa?” Na ce mai zaƙin ai ba mu da shi. Ya yi shiru, sannan dariya ta ƙwace masa har da tari.

Wankin gaskiya a gabansa na yi shi, yana zaune a kan bokiti. Aka fara ɗauraye matatar da ruwan ƙaton robar nan da na raina. Aka cire ƙaramar matatar gaba mai kama tsaki, aka dama sabulun soda a wannan ruwan dai, injin yana juya shi yana ɗumama. Ya ɗora ni gadin ma'aunin zafi, ya ce kada ya haura digiri 45, in ya haura matatar ta tashi aiki, kuma kuɗinta ya fi albashina. Don in farfaɗo da martabata na kawo shawarar a ɗan ɗiga bilic. Ya tashi da kansa ya ɗauke jarkar ya kai mota ya kulle, domin sinadarin kulorin cinye fatar matatar yake yi. Daga nan sai ɗauraya, ɗauraya, ɗauraya, har takardar gwaji ta nuna babu sauran soda. Ya ce wankin tsami na cire gishirin da ke manne mata sai wani jiƙon, kuma ranar zai aike ni gari.

Da na sha ruwa na kira Kawu a Kano, ban ko duba cewa dare ya raba a can ba. Na karanto masa komai. Ya ce tunda ban haɗiye ba azumina yana nan, amma alwala da ruwan da ɗanɗanonsa ya canza ba ta yi ba, da fatan na sake. Na ce na sake, Kawu, da ruwan roba.

“Madalla. To ita zumar, nawa ne kwalba? Ka san tarin nan nawa bai sake ni ba.”