A koyi auna haske kafin a koyi gyaran hoto

A makon da ya wuce aka turo mini hotunan bikin wata ƙanwata, na daɗe ina dubawa ina neman fuskar yarinyar da na sani tun tana goye, ban same ta ba. Yarinyar baƙa ce mai sheƙi, amma mai hoton ya ƙara wa fatarta haske, ya shafe duk wani layi na fuskarta, har lallen hannunta ya koɗe. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na fara riƙe kyamara ne a zamanin fim, kuma na san cewa laifin ya faro tun kafin a buɗe kwamfuta.

Fim wata siririyar leda ce da aka shafa wa ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa masu jin haske. Nadi ɗaya na fim mai milimita 35 yana ɗaukar hoto 24 ko 36, kuma ba ka ganin ko ɗaya sai an wanke. Saboda haka dole mai hoto ya san abu uku kafin ya danna: ƙarfin jin hasken fim ɗin, wato lambar ISO, da girman ƙofar da haske ke shiga ta idon kyamara, da tsawon lokacin da marufi zai tsaya a buɗe. Tsofaffin masu sana'ar sun haddace cewa a rana tsaka, da fim mai ISO 100, ana sa ƙofa a f/16, marufi kuma a 1/125 na daƙiƙa, idan an shiga inuwa sai a ƙara buɗe ƙofar. Waɗannan ukun har yau su ne ke aiki a cikin kowace kyamarar zamani.

A nan ne matsalar bukukuwanmu take. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ke gabansa kamar matsakaicin ruwan toka ne. Idan amarya baƙa ta tsaya kusa da ango mai farar shadda a ƙarƙashin rana, farin kayan zai rinjayi ma'aunin, kyamara ta rage haske, fuskar amarya ta nutse cikin duhu. Wanda ya iya aiki zai auna hasken a kan fuskar, ya matsar da su inuwa, ko ya sa yaro ya riƙe farin kwali ya mayar da haske kan fuskar. Wanda bai iya ba zai danna haka nan, daga baya ya ja hasken da ƙarfi a manhaja, launin fata ya lalace, sai ya rufe ɓarnar da goge fuska. Wasu kuma, dole a faɗi gaskiya, masu bikin ne ke cewa a haska su.

Ba ina cewa gyara laifi ba ne, domin gyara ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A ɗakin duhu, bayan an wanke fim a ruwan da ke fito da hoto, da wanda ke tsayar da aikin, da wanda ke kafe shi, a zafin digiri 20 wanda a yanayinmu sai an nemi ƙanƙara, ana haska nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke wanda fari ke fitowa baƙi a jikinsa, a kan takarda. A lokacin ne mai wanki ke tare haske da hannunsa a inda yake so ya yi fari, ya ƙara shi a inda yake so ya yi duhu. Da Photoshop, manhajar gyaran hoto, ya fito a 1990, waɗannan dabaru biyu ya ɗauko da sunayensu. Bambancin shi ne mai ɗakin duhu yana ƙarasa abin da haske ya rubuta ne, kuma kowane kuskure takarda da sinadari yake ci masa.

Ga mai koyon gyara a yau, shawarata ita ce ya ɗauki hoto a tsarin RAW, wanda ke adana matakan haske 4,096 ko 16,384 a kowane launi, alhali JPEG, tsarin hoton da aka saba turawa, 256 kawai yake riƙewa. Ya fara da daidaita farin launi, sannan hasken hoton gaba ɗaya, sannan inuwa. Ya kuma tuna cewa fim na nagatif yana jure yawan haske, amma a dijital duk inda fari ya ƙone ya tafi ke nan, aikin zaren da ke wuyan babbar riga ba zai dawo ba.

Akwai tarihin da ya kamata ya sa mu yi hattara. Tun wajajen shekarun 1950 kamfanin fim na Kodak ke raba wa ɗakunan wanki wani kati mai hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launi, don haka aka daɗe fim mai kala bai yi wa baƙar fata adalci ba. Duk da haka, a Bamako, Seydou Keïta da Malick Sidibé sun ɗauki mutanensu a hoton baƙi da fari, fatarsu ta fito da zurfinta da ƙyallinta, har aka karrama Sidibé da babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Benis a Italiya a 2007. Ciwo ne a ce yanzu da kayan aiki suka inganta, mu da hannunmu muke mayar da kanmu launin wancan kati.

Na kira mai hoton bikin na roƙe shi ya ba mu na asali waɗanda bai taɓa ba, ya ce ya goge su saboda katin ajiyar hotuna na kyamararsa ya cika. Nagatif ɗin bikin mahaifiyarmu kuwa yana nan a cikin ambulan a ƙasan akwati, kuma na yi niyyar kai shi a sake fitar da shi kafin ƙanwar tawa ta tare.