Wa ya ce baƙar mace ba ta damu da surar jikinta ba?

An daɗe ana faɗa, har a bakin masu ilimi, cewa damuwa da ƙiba ciwon Turawa ne, ita baƙar mace ta rungumi jikin da Allah ya ba ta, hankalinta kwance. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ba a cika tona ta ba. A ganina rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ke cutar da mata.

A 2006, masana halayyar ɗan Adam Shelly Grabe da Janet Hyde sun tattara nazari 98 da aka yi kan mata a Amurka. Sun gano cewa baƙaƙen mata sun ɗan fi farare gamsuwa da jikinsu, amma tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Tsakanin farare da 'yan asalin Asiya ko Latin Amurka kuwa, kusan babu bambanci.

Ko 'yar tazarar nan ma abar dubawa ce. Yawancin tambayoyin da ake auna damuwar da su an tsara su ne da fararen mata a zuciya: kina so ki rame? Kina tsoron ƙara nauyi? Wadda burinta shi ne ƙugu ya buɗe, mazaunai su cika, ciki ya shafe, za ta ce a'a, sai a rubuta ta cikin masu kwanciyar hankali. Alhali mai yiwuwa a jakarta akwai kwalbar Apetamin, ruwan maganin nan mai buɗe ciki da ake tallatawa a Instagram, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023, har da batun illa ga hanta. Wata kuma tana tara kuɗin tiyatar da ake zuƙo kitse daga ciki a mayar mazaunai, aikin da ke cikin mafi haɗari a tiyatar gyaran jiki. A wasu sassan Muritaniya, ɗura ake yi wa yarinya don ta yi ƙiba kafin aure. Wa zai kira wannan 'yanci?

Haka likita Sing Lee ya gani a Hong Kong a farkon shekarun 1990: 'yan mata sun ƙaurace wa abinci har sun zama ƙashi da rai, amma ba sa cewa suna tsoron ƙiba, kumburin ciki suke kawo ƙara. Ciwon yana nan, bakin da ke faɗarsa ne ya bambanta.

Sannan al'ada ba garkuwa ce mai dawwama ba. A Fiji, ƙasar tsibirai da ke tekun Pasifik, inda ake yaba cikar jiki, talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995. A binciken da likita Anne Becker ta yi kan 'yan matan yankin, a wannan shekara ba a samu ko yarinya ɗaya mai ƙaƙaro amai don rage nauyi ba. Zuwa 1998, kusan kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Shekara uku ke nan, kuma tun kafin wayar hannu ta shiga ɗakin kowace budurwa.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗakin likita. A wani gwaji da aka buga a 2006, an ba masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa labarin yarinya ɗaya mai matsalar cin abinci, aka canza ƙabilarta kawai. Da aka ce baƙa ce, waɗanda suka gane akwai matsala ba su kai rabin waɗanda suka gane ba lokacin da aka ce fara ce. Alamomi iri ɗaya, labari iri ɗaya, amma ɗaya za a tura ta neman magani, ɗayar a ce mata sai wani jiƙon.