Kemi Badenoch, ba sai an zagi gida ake zama ɗan ƙasa ba

Gaskiya abin Kemi Badenoch ya fara isa. Tun da ta zama shugabar jam'iyyar Conservative a Birtaniya a watan Nuwamban 2024, da ƙyar take buɗe baki kan batun baƙi ba ta jawo Najeriya ta taka ba, har ta kai a 2025 tana cewa ita yanzu ba ta ɗaukar kanta 'yar Najeriya, fasfo ɗinta na Najeriya ma ta bar sabunta shi tun farkon shekarun 2000. To wannan ruwanta ne. Abin da ya dame ni shi ne darasin da take koya wa Turawa, wato baƙo bai zama na gari ba sai ya tsine wa inda ya fito.

A Wimbledon aka haife ta a 1980, lokacin da duk jaririn da aka haifa a Birtaniya ɗan ƙasa ne kai tsaye, kafin sabuwar doka ta rufe wannan ƙofar a farkon 1983. A Legas ta girma, sai da ta kai shekara 16 ta koma. Ba ta yi layin biza ba, ba ta yi zaman jiran takarda ba. Amma ita ce ta fito a 2025 tana cewa a mayar da jiran izinin zama na dindindin shekara 10 maimakon 5, sannan a ƙara wasu 5 kafin mutum ya nemi fasfo. Shekara 15 kenan fa! Nas ɗin da ta baro Kano ko Ibadan tana kwana a tsaye a asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, tana biyan haraji, 'ya'yanta na makaranta a can, a ce mata ta zauna shekara 15 ba ta san matsayinta ba, sannan a dawo ana tuhumarta wai ta ƙi sajewa da mutanen gari. Ta yaya mutum zai kafa gida a inda kullum ake tuna masa cewa aro aka ba shi?

Sai maganar da ta fi ƙona mu, hirar da ta yi da mujallar Spectator a Disambar 2024, inda ta ce ita Bayarabiya ce, ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, ta haɗa mu da Boko Haram ta ɗaure waje guda. Wa Boko Haram ta fi kashewa? Mutanen Baga, Bama, Gwoza, masu sallar Juma'a a babban masallacin Kano a 2014. Waɗanda aka yi wa ta'asar su ta mayar masu laifi don ta burge masu ƙuri'a. Kuma Yarabawa Musulmi miliyoyi ne, su ina ta ajiye su? Haɗin Kudu da Arewa na 1914 ɗin ma Lugard ne ya yi shi da sunan ƙasar da take son mulka, kakanninmu kuma sun je Burma sun mutu a ƙarƙashin tutar Birtaniya a yaƙin duniya na biyu.

Masu cewa ai gaskiya ta faɗa, Najeriya ta lalace, ba wanda ya yi musu, mu da muke cikinta mun fi ta sanin zafinta, amma ba shi ake magana ba.

Ya kamata ta tuna tarzomar garin Southport na Ingila ta 2024, da aka baza ƙaryar cewa Musulmi mai neman mafaka ne ya kashe wasu yara mata uku alhali a Cardiff, cikin Birtaniya, aka haifi yaron da ya yi kisan, aka far wa masallaci, aka nemi ƙona otal ɗin baƙi a Rotherham. Waɗannan 'yan tarzoman ba sa tambayar wa ye Bayarabe wa ye Bahaushe, fata suke kallo, kuma irin kalamanta ne ke ba su ƙarfin gwiwa.

'Yan Najeriyar da ke can masu ƙuri'a su daina tafa mata don kawai baƙar fata ce, su haɗa kai Kudu da Arewa su matsa wa 'yan majalisar mazaɓunsu kan wannan maganar ta shekara 10. Gwamnatinmu kuma ta bar mayar da martanin baki, ta tsaya wa ma'aikatanmu da ke can.